Kifin da Ya Fito daga Dutsen Tsakar Gidanmu

Ranar wata Talata ce da hantsi, cikin damina, a gidanmu na unguwar Arras da ke Treichville, cikin birnin Abidjan. Ina ɗaki ina taka keken ɗinki, Inna tana bakin madafi tana tsince shinkafa, sai muka ji maginin da ke mana aiki ya kurma ihu a tsakar gida, guduma ta faɗi ƙasa. Na ɗauka yatsa ya datse. Na fito a guje da tsumma a hannu, na tarar da shi ya manne da bango, yatsunsa goma lafiya lau, yana nuna ƙasa da haɓa kamar wanda ya ga maciji.

Faɗuwar Inna ce ta kawo shi gidan. Daɓen tsakar gidanmu siminti ne tun zamanin Baba, Allah ya ji ƙansa, ya tsufa ya yi gansakuka. Da ruwa ya sauka Inna ta zame a kai tana ɗauke da bokiti, ta bugu a ƙugu, ta yi kwana da kwanaki ba ta leƙa kasuwa ba. Ga wanda bai san ta ba wannan ba wani abu ba ne, amma Inna tun kafin a haife ni take sayar da bandar kifi a babbar kasuwar Treichville, kuma ko ranar da za ta haifi autarmu sai da ta jera kaya a tebur kafin naƙuda ta kore ta gida.

Kawu ya zo duba ta. Ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma shi a arewacin Nijeriya ya tashi, wurin kakanninmu, sai da ya girma ya biyo yayarsa Abidjan, ya buɗe magaza, wato babban shago, a unguwar Adjamé yana shigo da karo, wato tayil, da sauran kayan daɓe daga waje. Ya dubi simintin ya girgiza kai.

"Yaya, ni ina sayar wa mutane abin takawa, ke kina faɗuwa a gida? Ai kunyar tawa ce."

Bayan kwana biyu sai ga mota ta sauke mana duwatsu a ƙofar gida. Ba karo mai sheƙi ba ne. Fale-falen dutse ne masu faɗi, launinsu kamar kunun gyaɗa, fuskarsu da ɗan kaushi yadda ƙafa ba za ta zame ba. Ya ce daga Brazil suka zo cikin kwantena. Wasu sun fi wasu kauri, don haka maginin, wani dattijo mutumin Burkina, yakan kafa ƙarfe a gefen mai kaurin ya buga, dutsen ya rabe gida biyu. Wanda ya buga a hantsin nan ya buɗe masa kamar littafi, kuma a tsakiyarsa akwai kifi.

Kifi ne sosai, ba wai tabo mai kama da kifi ba. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, launinsa kamar lallen da ya kwana uku. Ga kai, ga ramin ido, ga baki a ɗan buɗe. Ƙashin bayan ya miƙe tun daga wuya har wutsiya, ƙayoyin suna jere sama da ƙasa, kowace a wurinta, siraran har an fi ganinsu idan an karkata kai. Wutsiyar ta rabu biyu. A ɗaya ɓarin dutsen kuma ga gurbinsa, daidai wa daida, yana kallon ɗaya gefen. Na tsaya na kasa motsi.

Inna ta taso tana ɗingishi da faifan shinkafa a hannu. Ta leƙa ta kafaɗata. Faifan ya suɓuce, shinkafar ta watse a cikin yashin magini.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya sa?"

Maginin ya ce da Faransanci, "Maman, dutse rufaffe ne. Ni na buɗe shi yanzun nan, a gabanku. Babu tsaga, babu ɗinki."

"Na ce wa ya sa?"

Ya tattara guduma da igiya da cokalin gininsa cikin buhu, ya ce shekarunsa da yawa yana fasa dutse bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma yana da iyali. Ya fita bai ko wanke hannu ba.

Inna ta zauna a kan turmi. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke".

"Ke, duba da kyau. Me ya sa ba ƙadangare ba? Me ya sa ba tsuntsu ba? Me nake sayarwa?"

"Kifi, Inna."

"To."

Wallahi a lokacin ni ma abin ya shige ni. Mai sayar da kifi ta faɗi ta kasa zuwa kasuwa, sannan a dutsen da za a shimfiɗa mata ta taka kullum an sami kifi busasshe a rufe. Na yi makaranta, ina karanta Faransanci fiye da yadda nake karanta Hausa, amma a tsakar gidan nan duk karatun bai zo mini ba. Na ɗauko tsohon buhu na rufe dutsen, na koma ɗaki, na zauna a gaban keke ban taka ba.

Akwai wata mata da teburinta ke manne da na Inna a kasuwa, Bajuliya, wato 'yar ƙabilar Jula, ita ma banda take sayarwa. Tanti muke ce mata. Tun muna goye suke tare. A kwano ɗaya suke cin abincin rana, idan ɗaya ta tafi salla ɗaya ce ke tsare mata kaya, kuma ita ta yi wa Inna rakiya asibiti lokacin jinyar Baba. Kafin faɗuwar Inna da 'yan kwanaki sun ɗan saɓa a kan wani kwando da Tanti ta riƙa ajewa yana tare hanyar masu saye. Magana ta yi zafi har Tanti ta ce, "Za ki gani." Irin maganar da matan kasuwa ke yi sau goma a yini su manta. Ita ma ta manta, don da ta ji Inna ta faɗi kusan kullum sai ta biyo da la'asar ta duba ta. Ranar da aka sauke duwatsun ma ta zo, ta zauna a kan tarinsu a ƙofar gida tana jiran in buɗe mata.

Duk wannan Inna ta jera mini shi da azahar, ɗaya bayan ɗaya, tana lanƙwasa yatsu. Na ce, "Haba Inna, Tanti fa?" Ta ce in yi mata shiru.

Da la'asar sai ga Tanti ta yi sallama, ɗauke da kwanon attiéké, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, tana mitar cunkoson hanya. Inna ba ta amsa gaisuwar ba. Ta nuna mini buhun ta ce in ɗage. Na ɗage. Tanti ta sunkuya, ta yi tsalle baya, ta dafe ƙirji tana salati da Julanci. Firgitar da na gani a fuskarta irin tawa ce sak, kuma da Inna ta dube ta da idon da ta saba dubanta da ta gani. Amma ba ta duba ba.

"Kin ce zan gani. Na gani."

Tanti ta daɗe kafin maganar ta isa gare ta. Na ga lokacin da ta isa. Bakinta ya buɗe, ta dubi Inna, ta dube ni, ta sake duban Inna.

"Ni? Ni kike nufi?"

"A kan duwatsun nan kika zauna."

"Ƙafata ke ciwo na zauna!"

"Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya nufe ni da sharri."

Ban taɓa jin Inna ta yi wa wani Allah ya isa ba sai ranar, kuma wannan ya fi kifin girgiza ni. Tanti ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta aje kwanon a hankali a bakin rijiya, ta gyara ɗaurin zaninta, ta fita.

Washegari da safe na naɗe ɓari ɗaya na dutsen cikin tsohon zane, na sa a jaka, na ce wa Inna zan kai wa Kawu ya gani da idonsa. Ta ce in yi ta addu'a a hanya kuma kada in ɗora shi a cinyata. Na taka zuwa wajen tashar Bassam na shiga woro-woro, motar haya da ake cika mu a ciki kamar kayan miya. Babu inda zan aje jakar sai cinyar. Da muka hau gada na dubi ruwan lagun, tafkin da ya ratsa garin, a ƙasa, na yi tunanin in miƙa hannu ta taga in sake ta kowa ya huta. Abin da ya hana ni kawai shi ne matar da ke kusa da taga ta rufe gilashi saboda yayyafi.

Adjamé kuwa yadda kuka san ta, masu gbaka, ƙananan bas na haya, na kiran fasinja, masu tura kaya na ihun a ba su hanya, laka har idon sawu. Na sami Kawu a ƙofar magaza yana shan shayi. Na kwance zanen a kan teburinsa. Ya aje kofin. Ya ɗauki makullin mota ya kankari gefen wutsiyar, ya shinshina, ya sa yawu a yatsa ya goga.

"Wa ya zana wannan?"

"Ba zane ba ne, Kawu. A ciki aka same shi." Na ba shi labarin magini, na ba shi na Tanti.

Ransa ya ɓaci. Ya ce dutsen nan daga tashar jirgin ruwa aka kawo shi magazarsa a ɗaure da igiyar ƙarfe, shi ya yanke igiyar da hannunsa, ta ina wata mai banda za ta shiga cikinsa? Ya kira ma'aikatansa biyu, ƙarti masu sauke kaya, ya ce su ɗauko masu kauri daga ragowar tarin su fasa a gabansa. Na farko babu komai. Na biyu babu komai, sai wani abu kamar ganye. Kawu ya fara cewa, "Kin gani ko," sai na uku ya buɗe da kifi biyu, ɗaya a kan ɗaya, kamar an zubar da su daga kwando. Wanda ya fasa ya saki guduma ya koma bayan ɗan'uwansa.

"Ci gaba," in ji Kawu, amma muryar ba tasa ba ce.

Suka ci gaba. Wani dutsen babu, wani da ɗaya, wani da ƙanana-ƙanana kamar yatsun jariri sun kai bakwai suna fuskantar wuri ɗaya. Kafin wani lokaci ƙofar magazar ta cika. Masu shagunan kusa, masu wucewa, wata mai sayar da lemo da tire a ka, kowa na miƙa wuya. Wani ya ce aljanun ruwa ne. Wani ya ce Turawa ne ke buga su da inji don a ƙara wa dutsen daraja. Wani ya fito da waya yana ɗauka. Ni dai na sami sauƙin abu ɗaya, cewa ba don Inna aka yi ba, amma wani tsoron ya maye gurbinsa, don yanzu ban san ko mene ne ba kwata-kwata.

Can na ga Kawu ya zame ya zauna a kan kwalin karo, ya cire hula.

"Masallaci," ya ce.

Ashe daga kwantenar nan ya ba ƙaramin masallacin layinsu sadakar duwatsu aka daɓe farfajiya, inda sahu ke fitowa idan ciki ya cika. Sati uku ke nan mutane na sa goshi a kai.

"Na sa bayin Allah suna salla a kan mushe. Da hannuna."

Ya aika aka taho da liman, tsoho siriri mai tabarau ɗaure da zare. Mutane suka buɗa masa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya shafa ɗaya da bayan yatsa. Sannan ya ce wa Kawu ya mayar da hularsa. Ya ce kifi ko ya mutu da kansa ba najasa ba ne, wannan kowane ɗalibi ya sani, balle wanda ya riga ya zama dutse. Kuma ba hoto ba ne da hannun mutum ya yi. Sallar mutane tana nan.

"To Malam, yaya aka yi ya shiga?"

Liman ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Wannan kam, Alhaji, ban karanta ba."

Sai a lokacin Auta ta faɗo mini a rai, kuma har yau ina jin kunyar cewa sai da na yi yini guda kafin na tuna da ita. Ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, tana koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar sakandare nan cikin Adjamé, a can kuma take zaune da mijinta. Na kira ta na ce ta zo magazar Kawu in an tashi hutun rana, akwai abin da ba zan iya faɗa a waya ba.

Ta iso da jakar takardu a kafaɗa, ta kutsa cikin mutane tana tambaya ko wani ne ya rasu. Da idonta ya sauka a ƙasa sai ta tsaya cik. Ta aje jakar. Ta durƙusa da siket ɗinta na aiki a cikin ƙurar dutse.

"C'est pas vrai," ta ce. "Fossile ne. Kawu, fossile ne na gaske!"

Ta ce duk shekara tana koyar da wannan, tana zana shi a allo, amma ita kanta a hoton littafi kawai ta taɓa gani. Kawu ya ce ta yi masa Hausa. Hausar Auta kuwa sai a hankali, rabi Faransanci ne, sai ta riƙa yi ina cike mata. Ta ce kifin nan ya taɓa rayuwa kamar kowane kifi. Ya mutu ya nutse ƙasan wani tafki inda ruwan ba ya motsi, laka mai laushi ta rufe shi kafin ya ruɓe, wata lakar ta hau kan wannan, wata ta hau kan waccan, har nauyi da daɗewa suka mai da lakar dutse. Shi ya sa dutsen ke rabewa fale-fale. Ta tambaya daga wane yanki na Brazil aka haƙo shi, Kawu ya ɗauko takardar kaya ya nuna mata, ta duba waya, ta faɗi wani suna na Latin da bai zauna mini a ka ba.

"Daɗewar kamar shekara nawa?" in ji Kawu.

"Fiye da miliyan ɗari."

"Shekara ɗari?"

"Miliyan ɗari, Kawu. Da ɗoriya."

Kawu ya ce ta kiyayi bakinta a gaban Malam. Liman ya ɗaga masa hannu, ya dubi Auta ta saman tabarau.

"'Yata, kina nufin kafin mutane?"

"Malam, ni abin da aka auna na sani. An auna dutsen, haka ya nuna. A irin wannan dutsen ba a taɓa samun ƙashin mutum ba."

Liman ya ja carbi. Sannan ya ce, "Allahu Akbar. Allah ne masani." Ya roƙi Kawu ya ba shi ɗan ƙarami guda, ya sa a aljihun riga ya tafi.

Kawu ya rufe magaza tun kafin la'asar, abin da ban taɓa gani ba. Muka loda fale-falen da suka fi fitowa a bayan motarsa, mu uku muka ƙetara gada zuwa Treichville. Muka tarar da Inna a inda na bar ta, ta kewaye buhun da gishiri. Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya riƙa shigo da duwatsun yana jerawa a gabanta har suka kusa cika tsakar gidan.

"Yaya, duk waɗannan ma ƙawarki ce ta sa? A Adjamé? Cikin kaya ɗaurarru?"

Inna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ta sake bayanin tun daga farko. Maganar miliyoyin ba ta taɓa Inna ba, ta wuce ta kamar ba a yi ba. Sai ta ce, "Ke, ɗauko mini tabarau." Ta sa aka ɗora mata ɗaya a cinya, ita da ta hana ni da safe. Ta bi ƙashin bayan da farce, a hankali, yadda take yi idan tana duba ko banda ta gasu har ciki.

"Wannan ba na teku ba ne," ta ce. "Na ruwan daɗi ne."

Auta ta zaro ido. "Inna, wa ya gaya miki? A tafki ya rayu, haka aka rubuta."

"Dubi ƙayar. Dubi bakin." Iyakar bayanin da ta yi ke nan.

Ta sa aka canza mata wani, mafi girma a cikinsu. Ta daɗe a kansa. Sai na ga farcen ya tsaya a wajen ciki.

"Auta, wannan ya ci ɗan'uwansa."

Muka sunkuya duka. Mun yi yini muna kallon dutsen nan a Adjamé, mu da jama'ar layi guda, ba wanda ya lura. A cikin haƙarƙarin babban akwai wani siririn ƙashin baya, da 'yar wutsiya, kansa yana fuskantar wutsiyar wanda ya haɗiye shi. Auta ta rufe baki da hannu biyu.

"Ya ci, bai ko narke ba ajali ya same shi," in ji Inna. Ta cire tabarau ta share ido. "A can Brazil ɗin suna cinsa? Yaya suke kiransa?"

"Babu shi yanzu, Inna."

"A kasuwarsu?"

"Ko'ina. Irinsa ya ƙare gaba ɗaya, tun tuni."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Nan ne na ga abin ya kama ta. Ta ce ta san kifi na yin wuya, akwai waɗanda tana yarinya ake tara su tuli a bakin lagun yanzu sai a yi wata ba a gani ba, amma kullum tana ɗauka sun koma wani ruwan ne. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa iri guda zai iya ƙarewa kakaf ba, uwa da 'ya'ya da ƙwai, a nema a duniya a rasa. Ta yi ta maimaita "ko ɗaya" ƙasa-ƙasa.

Auta da ta ga an saurare ta sai ta ƙara da wani. Ta ce a zamanin kifin nan ƙasar Brazil ba ta yi nisa da tamu ba, a da ma manne suke, lokacin ne suka fara rabuwa teku yana shiga tsakani. Har an sami danginsa a duwatsun wannan gefen namu na Afirka.

"Wane tekun?"

"Wannan namu. Na gaɓar garin Bassam."

"Da babu shi?"

"Da babu shi."

Kawu ya ce, "La ilaha illallah," ya tashi ya fita ƙofar gida ya tsaya.

Ina kallon Inna na ga fuskarta ta sauya, ba irin sauyin ɗazu ba. Ta dubi bakin rijiya. Kwanon Tanti na nan tun jiya, ba wanda ya taɓa shi, ƙudaje sun rufe shi.

"Na ci mutuncin baiwar Allah," ta ce. "Ke, ba ni mayafi."

Muka ce ta bari sai gobe, ƙugunta bai warke ba, kasuwa ta kusa tashi. Ba ta ko saurare mu ba. Ta sa na wanke kwanon, na ɗauki dutse ɗaya, Kawu ya kai mu bakin kasuwa. Ta ratsa layin masu atamfa da na masu kwanuka tana ɗingishi, ana yi mata barka da fitowa ba ta amsawa, har layin masu banda.

Tanti na tattara kaya. Ta gan mu ta ci gaba da abin da take yi. Inna ta durƙusa a gabanta, a kan jiƙaƙƙen simintin nan mai ƙarnin kifi, mace mai jikoki, a gaban duk matan layin. Ta yi mata magana da Julanci. Ta ce ta yi zalunci, tsoro ne ya rufe mata ido, ga dutsen, ga 'yarta za ta yi bayani, an sami irinsa da yawa a Adjamé.

Na kwance zanen. Matan layin suka yanyame ni, ana salati, ana kiran na nesa su zo su gani, wata ta ce a ba ta ta taɓa, wata ta gudu bayan tebur. Tanti kaɗai ce ba ta duba ba.

"Ba sai an yi mini bayani ba," ta ce. "Ni na san ban sa ba. Ke ce ba ki sani ba." Ta ɗaure bakin buhunta. "Da ba a sami na Adjamé ba fa? Da har yanzu ni ce."

Inna ta sunkuyar da kai tana hawaye.

"Tashi, ƙugunki," in ji Tanti. Ta kama ta ta ɗaga ta. Ta karɓi kwanonta daga hannuna. "Na ji. Allah ya yafe mana." Ta ɗora kaya a ka ta tafi.

Maginin ya dawo bayan kwana uku, da Kawu ya je har gida ya gaya masa abin da liman ya ce, amma ya kafa sharaɗin ba zai ƙara fasa ko ɗaya ba, sai dai ya daidaita kaurin da yashi. Haka aka daɓe tsakar gidan. Waɗanda aka riga aka buɗe Auta ta kwashi yawancinsu ta kai makarantarsu, ta ce ranar da ta shiga aji da su ba a yi darasi ba, har malaman wasu azuzuwan sun baro ɗalibansu sun zo kallo.

Inna ta koma kasuwa a satin. Teburinsu na nan manne kamar da. Suna gaisawa da safe, suna tambayar 'ya'ya, idan ɗaya ta tafi salla ɗaya na duba mata kaya. Amma da rana kowa da kwanonta. Inna ta gwada sau da yawa, takan dafa abin da ta san Tanti na so ta tura mata, Tanti ta yi godiya ta ce ta ƙoshi. Ni ma na je na same ta ni kaɗai na ba ta haƙuri, ta riƙe hannuna ta ce ba ta riƙe uwata da komai ba, kawai dai in ta kai loma baki sai ta tuna, abincin ya ƙi wucewa.

Da na haihu a shekarar da ta biyo baya Tanti ta zo suna, ta kawo turmin atamfa da sabulu, ta ɗauki jaririyar ta yi mata addu'a mai tsawo. Inna ta zuba mata abinci da hannunta ta kai mata har inda take zaune. Ta ci loma biyu ko uku, ta rufe, ta ce za ta tafi da sauran gida.